Yaɓen Bana

Tun daga hanyar Dabai ake hango ta,
ja, a kafaɗar dutse, kamar gara ce ta gina.
Kwanon rufinta ya yi tsatsa, ƙofar mata ta karkace.
A nan aka raɗa mini Irmiya.

Kakana Nomau ne ya ja igiyar harsashinta.
Ba takarda, ba awo, sai taku:
goma sha takwas gabas da yamma,
tara kudu da arewa,
ya ƙara biyu, wai mata za su zo da goyo.
Samarin golmo, in sun tashi daga gonar surukai,
su ke gangaro da duwatsu a ka,
wanda ya fi ƙarfin wuya a mirgino shi da ihu.
Ƙasa daga bakin rafi, a cuɗa da ciyawa,
a taka, a bar ta ta kwana uku,
a dunƙula tubali ɗaya bayan ɗaya.
Azara kuwa Malam Ɗantani na gangare ne
ya sare giginya biyu a fadamarsa,
aka kai masa kuɗi ya mayar,
ya ce ruwan sama ba ya tambayar ɗakin wane ne.

Ƙararrawarmu ƙarfen ƙafar tifa ce
a rataye a reshen ɗorawa.
Har yau in aka buga ta, awaki sukan ɗaga kai.

Bana 'ya'yanmu na Kaduna da Legas suka aiko kuɗi.
Kwamiti ya zauna sau huɗu.
Wasu suka ce a rushe, a ɗora bulo da gilashi.
Wasu suka ce a'a, a dai sa mata rigar siminti.
Ni magini ne, aiki nake nema,
na sa hannu, na karɓi rabin kuɗi.

Ran Litinin na shiga da guduma.
Bayan bagade, inda duhu yake kwana,
na kankare farar ƙasa don in ga ƙarfin gini,
sai ga tafin hannu a cikin tsohon yaɓe.
Ƙarami. Yatsa huɗu.
Duk garin nan mutum ɗaya lauje ya ci wa ɗan yatsa:
Gwaggo Tabita,
wadda yanzu jika ke ja wa sanda zuwa bencin gaba.

Na ajiye guduma na zauna a ƙasa.

Na faɗa wa kwamiti abin da na sani na ɓoye:
ginin ƙasa gumi yake yi kamar mutum.
Ka toshe shi da siminti, ya yi maka kyau shekara biyar,
ciki kuwa yana ruɓewa,
ran da zai faɗi ba zai yi sallama ba.
Aka yi gardama har fitila ta sha mai.
Bakwai suka ɗaga hannu, biyar suka naɗe nasu.
Sabuwa a gina ta a gangare.
Wannan a bar ta da ranta.

Wata ma'aikaciya ta zo daga Birnin Kebbi,
ta auna, ta ɗauki hoto, ta ce takarda za ta biyo baya.
Wata uku ke nan.
Hadari kuwa ba ya jiran sa hannun kowa.

Jiya mata suka jiƙa makuba a tukwane,
warinta ya cika tsakar majami'a.
Na mayar da rabin kuɗin, saura dubu shida, sai kaka.
Muna yaɓe tun asuba,
na zagaye tafin nan, ban taɓa shi ba.
Da hantsi aka kawo Tabita.
Ta lalubi bango har ta same shi,
ta ɗora hannunta, ya fi shi girma kaɗan,
ta yi dariya ta ce,
"Ranar nan duka na sha, don na ɓata wa Nomau aiki."

Sannan ta kamo hannun jikarta
ta danna shi a ɗanyen yaɓena.